Shawara: Wace manhajar neman aure zan zaɓa, ta kyauta kuma mai sauƙin sarrafawa?

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada a nan Kaduna ta rubuto tana cewa:

"Assalamu alaikum Anti. Ni bazawara ce mai shekara 34, ina koyarwa a makarantar firamare, ina da 'ya'ya biyu, kuma shekara huɗu ke nan da mutuwar aurena. Daga gida sai makaranta sai islamiyya, ba na haɗuwa da kowa. Wata abokiyar aikina ta ce in gwada manhajojin neman aure na waya. Albashina bai kai in riƙa biyan kuɗin wata-wata ba, wayata ƙarama ce, kuma ban ƙware a harkar intanet ba. Wacce zan ɗauka wadda take kyauta kuma ba ta da wahala? Ina kuma tsoron iyayen ɗalibaina ko dangin tsohon mijina su ga hotona a can."

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ƙanwata. Na ji daɗi ƙwarai da kika nemi shawara tun kafin ki jefa ƙafa, domin a irin wannan lamari mutane da yawa sai aikin gama ya gama suke neman wanda za su gaya wa. Kafin in shiga zancen manhaja, ina so in sauke miki wani nauyi da na ji a cikin wasiƙarki. Mace ta nemi aure da kanta ba abin kunya ba ne. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, bazawara ce kuma 'yar kasuwa a lokacin da ta ga gaskiya da amanar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma daga ɓangarenta maganar aure ta fara fitowa. Abin lura shi ne yadda ta bi da lamarin: ta san shi ta hanyar mu'amalar kasuwanci, ta ji shaidar Maisara wanda ya yi tafiya tare da shi zuwa Sham, ta aika wadda ta amince da ita, sannan manya suka shiga maganar. Duk abin da zan gaya miki a ƙasa a kan wannan tsari na ɗora shi.

Manhaja aikin 'yar dalilin aure kawai take yi, wato ta nuna miki mutum ta nuna masa ke. Sai dai 'yar dalilin unguwa ta san gidan su mutumin, ta san uwarsa, kuma tana jin nauyin haɗa ki da mutumin banza saboda gobe za ku haɗu a gidan biki ko gidan suna, alhali manhaja ba ta san kowa ba kuma ba ta jin kunyar kowa. Saboda haka, a ganina, manhajar da ta dace da ke ita ce wadda ta bar ragamar sirrinki a hannunki, ta kuma sauƙaƙa miki fitar da magana daga cikin waya zuwa gaban danginki da wuri. Kyauta da sauƙi suna da muhimmanci, zan kuma yi magana a kansu, amma a bayan wannan suke.

Manhajojin da suka fi suna a duniya, irin su Badoo da ta fito a 2006, da Tinder da ta fito a 2012, da Bumble da ta biyo baya a 2014, duk ana sauke su kyauta kuma yaro ma zai iya sarrafa su. A Tinder hoto ake nuna miki, ki ja shi dama da yatsa idan ya yi miki, ki ja shi hagu idan bai yi miki ba, idan shi ma ya ja naki dama sai ƙofar hira ta buɗe. An san Bumble da tsarin da ya ba mace damar fara magana. Amma ba don aure kaɗai aka gina su ba. Mai neman abokiyar hira yana ciki, mai neman holewa yana ciki, mai neman aure ma yana ciki, kuma babu abin da ya raba su a fuskar waya. Hoto shi ne jarin kowa a can, kuma suna nuna wa mutum tazarar kilomitocin da ke tsakaninki da shi. Ga malamar makaranta mai 'ya'ya biyu, wadda rabin unguwa suka san fuskarta, ban ga alherin da zai rinjayi wahalar ba, don haka ba na ba ki shawarar su.

Wadda nake ganin ta fi kusa da bukatarki ita ce Muzz. Wani Musulmi ɗan Birtaniya mai suna Shahzad Younas ne ya kafa ta, manhajar ta fito a 2015 da sunan Muzmatch, sannan aka sauya mata suna a 2022 bayan shari'ar da suka yi da kamfanin Match Group, wanda shi ne mamallakin Tinder. An yi ta ne don Musulmi masu neman aure, kuma abubuwa huɗu da ke cikinta suka sa na ambace ta. Tana ba ki damar dusashe hotonki yadda ba wanda zai gane fuskarki sai wanda kika ga dama kika buɗe masa. Tana neman mai rajista ya ɗauki hoton kansa nan take don a gwada shi da hotunan da ya saka. Ana iya kiran murya da na bidiyo a cikinta ba tare da kin ba da lambar wayarki ba. Na huɗun, wanda ya fi duka a wurina, shi ne akwai wurin saka waliyyi ko wani amintacce, wanda za a riƙa aika wa kwafin hirarrakinki ta imel. Akwai kuma Salams, wadda da ake kira Minder, ita ma ta Musulmi ce, amma ta fi ƙarfi a tsakanin Musulmin Amurka, kuma ke mijin da za ki iya bincikar asalinsa kike nema. Ga masu karatu Kirista na Sabon Tasha ko Narayi ko Barnawa da ke da irin wannan tambaya, ma'aunin bai sauya ba: a nemi manhajar da aka yi don aure, a kuma sanar da iyaye ko fasto tun daga farko.

Kada ki ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa duk wanda ke cikin Muzz mutumin kirki ne. Gemu da hula da rubuta "ina salla a kan lokaci" ba su da wuyar sakawa a waya. Kuma manhaja, komai kyawunta, ba ta da amfani idan babu mutanen kusa da ke a ciki. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki saita tazarar nema ta tsaya a Kaduna da kewaye, ki duba na mako biyu. Idan kin ga mutanen sun yi kaɗan, ki faɗaɗa ta kai Zariya, wadda ba ta wuce kimanin kilomita 80 ba, sannan Abuja da Kano idan kina iya zama a can. Ni dai ina ganin gara ki tsaya inda yayanki ko kawunki zai iya shiga mota ya je ya tambayi labarin mutum ya dawo a yini guda.

Yanzu batun kyauta. Kusan duk waɗannan manhajoji tsarinsu ɗaya ne: rajista kyauta, duba mutane kyauta, hira da wanda kuka amince da juna kyauta, amma suna ƙayyade yawan mutanen da za ki nuna wa sha'awa a rana, sannan su yi ta turo miki tallar biyan kuɗi don a ɗaga shafinki sama ko a cire miki wannan ƙayyadewa. Ba ki bukatar ko ɗaya daga ciki. Wadda take neman miji ɗaya na rufin asiri ba ta bukatar duba mutum ɗari a rana, kuma biyan kuɗi yawan fuskoki yake ƙarawa, ba ya tace hali. Ƙayyadewar ma alheri ce a gare ki, domin za ta sa ki karanta bayanin mutum a tsanake. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne tayin gwaji na 'yan kwanaki kyauta, wanda sai an saka lambar katin banki yake aiki. Da zarar kwanakin sun cika sai a fara cirar kuɗi kai tsaye, kuma goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirar, sai an shiga Play Store an soke biyan da hannu. Mafi sauƙi shi ne kada ki saka katinki ko kaɗan.

Akwai kuma abin da kike biya da shi wanda ba kuɗi ba ne, wato bayananki: shekarunki, hotonki, inda kike, da abin da kike so. Don haka ki ba da kaɗan gwargwadon bukata. Idan manhaja ta nemi izinin sanin inda kike, ki zaɓi a ba ta lokacin da kike amfani da ita kaɗai. Idan ta nemi shiga lambobin da ke wayarki ko saƙonninki na tes, ki hana. Kin san abin da wasu manhajojin ba da bashi suka riƙa yi a ƙasar nan, inda suke kwashe lambobin da ke wayar mutum su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon tozarci. Ta ƙofar irin wannan izini suka shiga. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba ki haƙƙin neman a goge bayananki, kuma manyan manhajoji suna da wurin rufe asusu gaba ɗaya. Ranar da kika gama da manhajar, asusun za ki rufe tukuna, sannan ki goge ta daga waya, in ba haka ba shafinki zai ci gaba da yawo ko kina ɗakin mijinki.

Ina so in ja kunnenki sosai a kan wani abu da ya fi yawa a wajenmu fiye da manhajojin nan, wato zaurukan haɗa aure na WhatsApp da Facebook da Telegram. A cikinsu akwai na mutanen kirki masu neman lada, ba na musun haka. Amma a can ne ake cewa ki turo hoto da cikakken suna da unguwa da lambar waya, wani lokaci har da kuɗin rajista, sannan a watsa su ga ɗaruruwan mutanen da ba ki san ko su wane ne ba, kuma abin da ya shiga irin wannan zaure ba ya dawowa. Ga mai irin tsoron da kika bayyana, wannan ya fi manhaja haɗari nesa ba kusa ba. Haka nan duk manhajar da aka turo miki ta saƙo aka ce ki latsa ki sauke, ki bar ta. Daga Play Store kaɗai za ki sauke, bayan kin duba sunan kamfanin da ya yi ta, da yawan waɗanda suka sauke ta, da ƙorafe-ƙorafen da masu amfani da ita suka rubuta a ƙasa.

Batun sauƙi ba zai ɗauke mu lokaci ba. Akasarin manhajojin nan da Turanci suke, amma Turancin bai fi ƙarfin malamar firamare ba, hira kuwa da Hausa za ki yi abarki. Ranar da kika sauke, kafin ki kalli hoton kowa, ki nemo wurare uku: inda ake ɓoye hoto, inda ake toshe mutum a kai ƙararsa, da inda ake rufe asusu. Idan kin same su ba tare da wahala ba, manhajar ta yi sauƙi. Tun da wayarki ƙarama ce, guda ɗaya ta ishe ki, kuma ki sani kiran bidiyo ne ke cin data, rubutu ba ya ci sosai. Idan kina son wata ƙanwa ta taya ki saitawa babu laifi, amma kalmar sirri ke kaɗai za ki san ta.

Game da tsoron a ga hotonki, zan gaya miki gaskiya: babu manhajar da za ta ba ki cikakken tabbaci, domin wanda kika buɗe wa hoto zai iya ɗaukarsa da wata wayar. Abin da za ki iya shi ne rage ƙofofin. Ki dusashe hoton, ki yi amfani da sunanki na farko kaɗai ko wani laƙabi, ki rubuta Kaduna ba tare da unguwa ba, ki rubuta malama ba tare da sunan makaranta ba. Hoton da za ki saka ya zama sabo, wanda ba ya shafinki na Facebook, domin da Google Lens, manhajar binciken hoto ta Google, ana iya bin hoto a gano sauran wuraren da yake. Ki duba bayan hoton da kyau: kada allon aji ya fito, ko bajen makaranta, ko ƙofar gidanku, ko lambar mota. Hoton 'ya'yanki kuwa kada ya shiga ko da wasa. Amma maganin tsoron na gaskiya yana gida. Ki samu yayanki ko kawunki ko duk wanda yake waliyyinki, ki zauna da shi ki ce: "Yaya, ina son in sake aure, ga hanyar da nake so in gwada, kuma ina so in saka ka a ciki ka riƙa ganin abin da ake faɗa." Zai yiwu ya yi jim, zai yiwu ya yi faɗa a ranar farko. Amma daga ranar da ya sani, duk wanda ya ɗauki hotonki ya kai masa gulma ya makara, kuma namijin da ya ga akwai waliyyi a cikin hira, idan da wata manufa ya zo, da kansa zai janye.

A bayanin da za ki rubuta game da kanki kada ki ɓoye abin da dole zai fito. Ki faɗi cewa kin taɓa aure, kina da 'ya'ya biyu, kina aiki kuma kina son ci gaba da aikinki idan haka ne, kuma aure kike nema. Ki yanke wa kanki tun yanzu ko za ki iya shiga gidan mai mata, ki kuma tambayi duk wanda kuka fara magana da shi ko yana da iyali, tun a kwanakin farko. Haka batun inda yaran za su zauna, kada ki bar shi sai zuciya ta riga ta kamu. Wannan gaskiyar za ta rage yawan masu yi miki magana, kuma ragin alheri ne.

Sai 'yan damfara, waɗanda suka fi farautar zawarawa masu albashi saboda sun san akwai kaɗaici kuma akwai ɗan abin hannu. Salonsu kusan ɗaya ne. A kwana na biyu ya fara kiranki matata, a kwana na uku ya ce ku koma WhatsApp, ya ce yana aiki a Dubai ko a kan teku ko yana bakin daga, kullum kyamararsa ta lalace idan kin nemi kiran bidiyo. Bayan ya ga kin saki jiki sai labari ya zo: ya aiko miki da lefe amma kaya sun maƙale a hannun kwastan sai an biya wani abu, ko mahaifiyarsa tana asibiti kuma asusunsa ya samu matsala, ko ga wata harkar saka jari da za ta ninka miki kuɗi kafin biki. Wani ma ba ya neman da yawa, kuɗin mota kawai zai ce ki turo ya zo gaishe ki. Ƙa'idar guda ce kuma ba ta da togaciya: ko naira ɗaya kada ta fita daga hannunki zuwa ga wanda danginki ba su gani ido da ido ba. Lambar BVN da ta NIN, da lambobin sirri da banki ko WhatsApp ke turowa ta tes, ba a ba kowa su. Wanda ya nemi hoton da ba za ki iya nuna wa yayanki ba, ki toshe shi a take ba tare da bayani ba, domin da irin waɗannan hotuna ake yi wa mata barazana a tatse su. Idan har wani ya yi miki barazana ko ya cuce ki, kada ki biya kuma kada ki goge hirar. Ki adana ta ki kai wa 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda take da ofis a nan Kaduna, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan.

Hira a waya kada ta wuce mako biyu zuwa uku ba tare da an ga juna ta bidiyo a cikin manhajar ba, kuma kada ta wuce wata guda ba tare da kin ce masa ya zo gida ya gaisa da manya ba. Wannan jumla ita ce matatar da ta fi kowace: mai niyyar aure zai tambayi rana, wanda ba shi da ita zai fara kawo uzuri. Haɗuwar farko a gidanku za a yi ta, da rana, yayanki yana nan. Kada ki bi kowa zuwa otal ko gidan abokinsa, kada ki shiga motarsa, kada kuma ki yi tafiya zuwa wani gari don ganinsa. Mutane ba su manta da Cynthia Osokogu ba, ɗalibar da waɗanda ta sani ta Facebook suka yaudara zuwa Legas a 2012 suka kashe ta a ɗakin otal, har kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa a 2017. A halin tsaron da muke ciki a jihar nan kuwa ba sai na yi miki dogon bayani ba.

Idan ya zo kuma an ga alamar kirki, daga nan aikin manhaja ya ƙare, sauran na dangi ne kamar yadda aka saba. A je unguwarsu a tambayi maƙwabta da limamin masallacin da yake salla, a tabbatar da wurin aikinsa ko shagonsa, idan ya taɓa aure a ji dalilin rabuwar daga bakin da ba nasa ba. Ki yi istihara. Kafin a sa rana ku je asibiti tare a yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila, ku karɓi sakamakon da hannunku, domin idan ku biyun duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na haihuwar mai sikila. A matsayinki na bazawara ba wanda zai aurar da ke ba da yardarki ba, amma ɗaurin auren sai da waliyyi da shaidu da sadaki, don haka duk wanda ya kawo miki zancen auren sirri ki rufe ƙofa.

Ki ba manhajar wata uku. Ki ware mata ɗan lokaci bayan isha'i idan yara sun kwanta, kada ta shiga lokacin aji ko na barcinki. A cikin wannan lokaci kuma ki gaya wa malamarku ta islamiyya da wata dattijuwa a dangi cewa kina son aure, domin mutane da yawa suna ɗauka bazawara mai aiki ba ta da bukata sai ta furta. Idan wata ukun suka cika ba ki ga wanda ya yarda ya zo gida ba, ki rufe asusun ki huta, kina iya sake buɗewa bayan wani lokaci idan kin ga dama.